Yadda Za Ka Zaɓi Tocila Mai Araha Wadda Ba Za Ta Mutu Ranar Buƙata Ba

A ƙarshen watan Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa Kano da maƙwabtanta cikin duhu fiye da mako guda. Mutanen birni sun yi ta kuka, amma ga wanda ke zaune a Minjibir, Kunya ko ƙauyukan gefen Wasai, kwana babu wuta ba sabon labari ba ne. Darasinmu na yau a kan tocila ne, na'urar da kusan kowane gida ke da ita, amma ba kowa ke tsayawa ya duba kafin ya biya kuɗi ba.

Na san abin da za ka ce: ai wayata tana da tocila. Tana da ita, kuma ta isa neman takalmi a ɗaki. Sai dai an yi ƙwanta ne domin ɗaukar hoto, haskensa bazuwa yake yi, ba ya cin nisa. Ka fita bayan gida ko wajen rumbu da dare a lokacin kaka, sa'ad da kububuwa da kunama ke yawo a karan dawa, ka ga ko taku nawa za ta nuna maka. Sannan ranar da naƙuda ta kama wata a gida cikin dare, cajin wayar nan shi ne na kiran mai mota. Bai kamata a ƙone shi a haska hanya ba.

Fara da batir, kafin haske

Tocilolin da ke kasuwanninmu, daga Sabon Gari har teburin mai kayan koli ranar kasuwa, batirinsu iri uku ne.

Akwai mai cin batirin zubarwa, irin manyan Tiger Head ɗin nan ko ƙanana masu lamba AA. Ita tocilar ba ta da tsada, sayen batirin ne ke cin aljihu a hankali. Amfaninta ɗaya babba: ba ruwanta da NEPA. Ta dace da ajiya, muddin ka cire batiran ka ɗaure su a leda kusa da ita. Idan ka bar su a ciki wata da watanni, sukan zubo da wani farin abu ya cinye ƙarfen.

Akwai ta roba mai ƙafafu biyu a gindi, wadda ake sokawa kai tsaye a soket. Yawancin irin wannan batirin dalma ne a cikinsu, ɗan ƙanen batirin babur. A ganina ita ce mafi rashin dacewa da inda wuta ba ta zama. Tana son awanni masu yawa kafin ta cika, kuma batirin dalma idan ya ƙare aka bar shi haka kwanaki, lalacewa yake yi, ba ya komawa yadda yake. Wutar awa biyu ba ta cika ta, sai ta yi ta raguwa har ta zama ta minti goma. Shi ya sa a gidaje da yawa za ka tarar da gawarwakinsu uku ko huɗu a kan taga.

Ta uku ita ce mai batirin litiyom, irin sinadarin batirin wayarka, wadda ake yi wa caji ta USB. Ita nake ba da shawara. Duk abin da ke cajin waya zai caja ta: ɗan faifan sola, fawa-bank, ko shagon mai caji da janareto. Idan da hali ka ɗauki mai ramin USB-C, igiya ɗaya ta yi maka aiki biyu. Mafi kyau kuma wadda ake kwance gindinta a ciro batirin, mai lamba 18650. Lambar girmansa take faɗa: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Ranar da ya gaji sai ka canza shi kaɗai.

Ƙaryar da ke jikin kwali

Ana auna yawan haske da lumen. Za ka ga 'yar tocila kamar yatsa an rubuta mata lumen 10,000 ko fiye. Mu yi lissafi, ba wuya. Ƙwan LED na yau da kullum yana ba da kusan lumen 100 a kan kowane wat ɗaya. Ke nan lumen 10,000 na buƙatar wat 100. Batirin 18650 mai 2,000mAh a kan bolt 3.7 yana ɗauke da wat 7.4 na awa guda. Raba 7.4 da 100: ko minti biyar ba zai kai ba, kuma kafin nan zafi ya narkar da robar. Shi wannan batirin, idan lumen 100 ka nema, zai kai ka wajen awa shida. Lumen 100 zuwa 300 ya wadatar da tsakar gida, turken dabbobi da hanyar masallaci da asuba.

Batiran ma ana yi musu ƙarya. Na gaske a wannan girma yawanci bai wuce kusan 3,500mAh ba. Duk wanda ka ga an buga masa 6,800 ko 9,900, jabu ne, kuma sau da yawa ko 1,000 bai kai ba. Ɗaga shi a hannu. Na kirki nauyinsa kusan giram 45 ne, kamar ƙaramin ƙwan kaza. Wanda ka ji sakayau, mayar wa mai shi.

Gwajin gaban mai shago

Kada kunya ta hana ka. Kunna, kashe, kamar sau goma, domin makunni ne ke fara mutuwa a tocila mai araha. Bar ta a kunne ka ɗan buga ta a tafin hannu. Idan hasken ya yi ƙyafta-ƙyafta, haɗin ciki bai zauna ba. Kwance gindin ka duba ko akwai zoben roba a bakin zaren, shi ke tare ruwan damina da ƙurar hunturu. Mai jikin ƙarfe ta fi ta roba jure faɗuwa, ta fi kuma fitar da zafi.

Ka lura da matakan haske. Mataki na ƙasa shi za ka fi amfani da shi, shi ke sa caji ya kwana biyu. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu tilasta maka bi ta hasken walƙiya kafin su mutu. Wanda ya rubuta wannan tsari bai taɓa tashi da dare a ɗakin da jariri ke barci ba. Samu wadda dannawa ɗaya mai tsawo ke kashe ta.

Idan aikinka na hannu biyu ne, ban-ruwa da dare, gyaran babur, ko ɗaure tumaki, tocilar goshi ta fi ta hannu. Don haska ɗaki kuwa ba sai ka sayi wata fitila daban ba: jingina bakin tocilar a jikin farar jarka mai ruwa, hasken zai bazu ko'ina, babu hayaƙin aci-balbal, babu fargabar kyandir kusa da gidan sauro.

Litiyom ba ya son zafi. Kada ka bar ta a rana, ko a saƙale ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Kada ka sa tsirarar batir a aljihu tare da makulli, ƙarfe na iya haɗa kawunansa biyu ya kama wuta. Wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage, daina amfani da shi. Wadda ka ajiye don ko-ta-kwana, ka ɗan sassauta gindinta don kada caji ya riƙa zurarewa, ka riƙa duba ta duk bayan wata biyu. Ka ba ta ƙusa guda a bayan ƙofa, inda kowa a gidan zai lalubo ta cikin duhu, kuma inda hannun yara bai kai ba.