Ƙunshin da ba kai ka ɗaure ba

'Ya'yana, lokacin da muke samari a Tsohon Birnin Gwari, direba ba ya karɓar saƙon Funtuwa sai ya tambayi abin da ke cikin ƙunshin. Yanzu kuwa ina ganinku kuna miƙa wa juna ƙunshi ta waya, wanda kuke kira zip, babu mai tambaya.

Ban ga laifinku ba. Data ta yi tsada, sabis sai an laluba, balle mu da muka sha katsewarsa a 2021 saboda 'yan bindiga. Haɗa fayil ɗari wuri guda a tura lokaci ɗaya dabara ce. Sai dai karɓar zip daga baƙuwar lamba cinikin biri ne a sama. A waje an rubuta fim ko takardar neman aiki, a ciki kuwa manhaja ce. Kana ɗora ta, ka ba ta izinin karanta saƙonni, shi ke nan lambar sirrin da banki ya turo maka ta isa hannun ɓarawo.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne ƙunshin da ku kuke ɗaurewa. Yaro ya kwashe hotunan biki gaba ɗaya ya zuba a WhatsApp, bai duba ba. A ciki har da hoton katin NIN na mahaifinsa, da buhunan masara a rumbu, da fuskokin 'yan sa-kai. A wani gari wannan sakaci ne kawai. Mu da ke maƙwabtaka da dajin Kamuku mun san abin da infoma ke yi da irin wannan. Ka sa wa zip makulli ma, sau da yawa sunayen fayilolin na nan a fili, kuma wanda ya buɗe yana iya turawa gaba.

Sai haƙƙin mutane. Fim ɗin Kano da ake lodawa a memori wurin masu turi, wani ne ya ci bashi ya shirya shi. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma ni hisabi nake jiye muku.

Don Allah, kafin ka tura, kwance ka duba ɗaya bayan ɗaya. In da fuskar wani a ciki, ka tambaye shi tukuna.