Yadda Za a Rage Hayaniya Wajen Naɗar Murya a Ɗakin Ɗalibi

Wannan 'yar maƙala ta samo asali ne daga wata kunya da na sha a zangon karatun da ya gabata. A darasin Tsarin Sauti, malaminmu ya ba mu aikin kowa ya naɗi muryarsa yana furta tagwayen kalmomi, irin su gari na zama da gari na tuwo, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, sannan ya ɗora bayani na minti uku a kan bidiyon wata sana'a. Ni ba Bahaushiya ba ce. Da Sayanci na tashi, wanda mu muke kira Zaar, Hausa kuwa a firamare da kasuwa na tsince ta. Saboda haka da malam ya saurari aikina ya ce bai ji bambanci tsakanin wuya na jiki da wuya ta wahala ba, nan take na ɗauka harshena ne ya ba ni kunya, 'yan aji ma haka suka ɗauka. Sai da ya sa na maimaita a gabansa, sannan ya ce furucin daidai yake, ɗakin da na yi naɗin ne ya cinye shi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne matsalar iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙarar da ke shigowa daga waje, akwai kuma amsa-kuwwa, wato muryarka ce da kanta take bugun bango ta dawo cikin makirufo. Ɗakina a Gwallameji yake, bangon siminti, daɓen tayil, rufin kwano, babu komai a ciki sai katifa da akwati. Daga waje ga Keke Napep, ga janaretan mai cajin waya, ga zakarun maƙwabta. Daga ciki kuma ɗakin amsawa yake kamar rijiya. Gwajin abu ne mai sauƙi: tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji tafin ya ja wutsiya, to haka kowane wasali naka zai ja wutsiya, gajere ya yi kama da dogo. A Hausa kuwa, inda tsayin wasali yake raba gari da gari, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Amsa-kuwwa ita ce mai sauƙin magani. Abu mai laushi da kauri yana shanye sauti, mai tauri da santsi yana mayar da shi. Na jingina katifata a bangon da ke bayana, na shimfiɗa darduma a ƙasa, na rataya bargon hunturu a taga, sannan na buɗe akwatin kaya na ajiye waya a tsakanin zannuwa. Wasu suna manna kwalin ƙwai a bango domin sun gani a shagunan masu waƙa. A ganina wahalar banza ce, domin kwalin ba shi da kauri, abin da yake shanyewa kaɗan ne, kuma ba ya tare ƙarar waje ko kaɗan. Bargo ma ba ya tare ta. Ƙarar waje nauyin bango da toshe kafofi ne kawai suke rage ta. Shi ya sa naɗin da ya fi kowanne kyau a wurina na yi shi ne a ɗakin ƙasa na kakar wata ƙawata a unguwar Jahun, cikin tsohon gari. Bangon yana da kauri, tagar 'yar ƙarama ce, ga tabarmi da labule da gado mai rumfa. Magina na da ba don makirufo suka yi ginin ba, amma ya fi ginin bulo nesa ba kusa ba.

Tunda ba kowa ne yake da irin wannan ɗaki ba, sai a nemi lokaci. Da yamma, lokacin da ababen hawa suke kwararowa daga Wunti da Muda Lawal, kada ma ka soma. Asuba tana da shiru, amma lokacin zakara ne. Ni dai na fi samun sa'a bayan sha ɗaya na dare, ko kuma da hantsin ranar Lahadi. A kula da lokutan kiran salla a tsara aiki tsakaninsu. Da damina kuma, in ruwa ya sauka a kan kwano, sai haƙuri har ya ɗauke.

Kafin ka danna naɗi, kashe fanka da firij, ko da a watan Afirilu ne, minti goma na gumi ba ya kisa. Cire waya ko kwamfuta daga caji. Wutar lantarkin Nijeriya tana kaɗawa ne sau 50 a daƙiƙa, wato hatz 50, kuma caja marar kyau takan shigar da wani gurnani a kan hatz 50 da 100 da 150. Muryar namiji baligi tana yawo ne tsakanin kimanin hatz 85 zuwa 180, ta mace kuma 165 zuwa 255. Ka ga ke nan gurnanin yana zaune ne daidai inda karin sauti yake hawa yake sauka. Sa wayar a yanayin jirgi kuma, domin kada kira ya katse ka.

Dabarar da ta fi kowacce amfani kuwa ba ta cin ko kwabo: matso kusa da makirufo. Duk lokacin da ka rage tazarar da rabi, ƙarfin muryarka a naɗin yana ƙaruwa da kimanin desibel 6, alhali ƙarar waje tana nan yadda take. A karon farko na ajiye wayar a kan akwati, wajen santimita 60 daga bakina. Da na dawo da ita santimita 15, wato kusan taƙi guda, na samu ribar desibel 12 ke nan. Sai dai kada ka fuskanci makirufo kai tsaye. Karkatar da shi gefen baki kaɗan, domin iskar f da t da tunkuɗau irin su ƙ da ts ta wuce ta gefe. Safa mai tsabta da aka lulluɓa masa ita ma tana taimakawa. Naɗi daƙiƙa goma na shiru a farko, ba tare da motsi ba. Amfaninsa yana tafe. In manhajarka ta yarda, ajiye sautin a tsarin WAV, kuma kada ka naɗa a matsayin saƙon murya na WhatsApp, domin matse sautin ake yi a rage girmansa.

Sai a zo batun wanki a kwamfuta, inda na yi kuskurena na biyu. Audacity manhaja ce ta kyauta da ta fito tun shekarar 2000. Ana zaɓar wancan shirun na daƙiƙa goma a nuna mata a matsayin samfurin ƙara, sannan a zaɓi dukkan naɗin a ce ta rage. Tana aiki ne a kan ƙara mai ɗorewa, kamar gurnanin janareta ko shuuu na makirufo. Hon ɗin Keke ko carar zakara kuwa, sake furta jimlar shi ne kawai mafita. Kada a wuce desibel 6 zuwa 12. Haka nan za a iya yanke duk abin da ke ƙasa da hatz 80, amma namiji mai kaurin murya ya yi hattara kada ya yanke gindin muryarsa.

Ni da zumuɗi ya ɗebe ni, na zuba naɗina a ɗaya daga cikin sababbin manhajojin nan masu basirar na'ura da suke tace murya da kansu. Ya fito fes kamar na gidan rediyo, har na soma murna. Da na sa abin saurare a kunne sai na ji ƙ ɗina ta yi laushi har baƙi ya koma kamar baki, haɗiyau ɓ da ɗ kuma sun rasa nauyinsu. Da alama na'urar ta ɗauki ɗan fashewar tunkuɗau a matsayin datti ta goge. Ga mai tallan sabulu wataƙila babu laifi, amma ga ɗalibin harshe hujjarsa ce aka goge. Don haka duk abin da za ka yi, ajiye naɗin asali a wuri daban, ka yi wankin a kan kwafi. Wanda zai auna karin sauti da Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, da na asalin ya kamata ya yi aiki.

A karo na uku na koma Jahun da hantsin wata Lahadi, na naɗa ban wanke komai ba, na miƙa haka nan. A wajen minti na biyu akwai wani zakara can nesa. Malam ya ji shi ya yi dariya, sannan ya sa wa aji kalmomin, suka raba wuya da wuya tun a saurare na farko.