Amsoshin Tambayoyinku: Akwatin ajiyata ya cika, zan iya ƙara masa faifai?

Tambaya: Sana'ata ɗaukar bidiyon biki a Kano. Ina da akwatin ajiya na NAS ƙirar Synology DS220+, mai cin faifai biyu, kowanne terabait 8. Ga shi ya kusa cika. Akwai dabarar ƙara na uku?

Amsa: Malam, a wannan akwatin dai babu. Yawan gurabe ba abu ne da ake buɗewa da manhaja ba. Kowane gurbi da mahaɗinsa a jikin allon na'urar, kuma biyu kawai kamfanin ya yi masa. In ka jona faifai ta USB zai karanta shi, amma a matsayin baƙo, ba zai shiga cikin rumbun da faifan nan biyu suka haɗa ba.

Kada ka karaya. Gurbi ne ba ya ƙaruwa, faifai kuwa ana sauya shi da babba. Ka cire ɗaya, ka sa mai terabait 16, ka bar na'urar ta kwafe masa komai, sannan ka sauya ɗayan. Sai an sauya duka biyun wurin zai faɗaɗa. Kwafewar na iya cin yini guda ko fiye, kuma a lokacin faifai ɗaya tal ke riƙe da aikinka. Don haka ina roƙonka kada ka fara sai ka ajiye wani kwafi a gefe, ka kuma haɗa UPS, kasancewar ka san halin wutarmu.

Abin da ke damuna da mai gurbi biyu shi ne rabin kuɗinka kariya ke cinyewa. A tsarin RAID 1, faifai na biyu madubin na farko ne, 8 da 8 sun ba ka 8 ke nan. A mai gurbi huɗu da RAID 5, faifai ɗaya kawai ake sadaukarwa, huɗu masu 8 su ba ka 24. Gurabe sun ninka sau biyu, wuri ya ninka sau uku.

Akwai kuma masu karɓar ƙarin akwati. DS923+ gurabensa huɗu, in an jona masa DX517 su zama tara. Sai dai ni ba na son a shimfiɗa rumbu ɗaya a kan akwati biyu, domin waya guda ce ke haɗa su, in ta zare rumbun ya tsaya. Ka yi wa sabon akwatin rumbunsa daban, ka zuba tsofaffin bukukuwan da ka riga ka miƙa wa masu su.