'Yata Ta Rame, Amma Tana Cewa Ta Yi Ƙiba

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 15 ta rame tun dawowarta daga makarantar kwana, amma kullum cewa take ta yi ƙiba. Ba ta taɓa tuwo, sai azumin nafila ba hutu. Kakarta ta ce aljanu ne. Ya zan yi?

Amsa: Hajiya, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tana ganin ƙiba a jikin da ya rame. Wannan babbar alama ce ta cutar ƙin cin abinci, wadda likitoci ke kira anoreksiya, kuma tana kisa.

Sai dai ba a yanke hukunci da ido. Likita zai fara neman tarin fuka, ciwon sukari da matsalar maƙoƙo, domin su ma suna ramar da yaro. Zai auna nauyinta da tsawonta ya gwada da shekarunta, ya duba bugun zuciya da gishirin jini, musamman fotasiyam, wanda amai ke zubarwa. Zai kuma keɓe da ita su yi magana. Ki yi haƙuri ki ba su wuri, yara kan ɓoye wa iyaye.

Ki lura ko al'adarta ta tsaya, ko tana shigewa banɗaki bayan cin abinci don ta yi amai. Kada a ɗura mata abinci da yawa lokaci guda, yana iya taɓa zuciya.

In ta suma, a garzaya asibiti nan take. In ba haka ba, ki kai ta asibitin koyarwa na Shika cikin makon nan.