Shin Jiha Za Ta Iya Tilasta wa Kamfanin Wuta Sayen Wutar Sola?

Tambaya: Ni mai injin niƙa ne a Zuru. Rana har ta yi mana yawa, wuta kuwa sai an ga dama a kawo. Shin gwamnatin Kebbi tana da hurumin tilasta wa kamfanin wuta ya riƙa ba mu ta sola, ko sai abin da Abuja ta ce?

Amsa: Malam, a da amsar gajera ce: sai Abuja. Tsarin mulkin 1999 ya taƙaita ikon jihohi ga wuraren da babban layin wuta na ƙasa bai kai ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya kau da wannan shinge, a watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya rattaba hannu a sabuwar dokar lantarki.

Yanzu jiha kan yi dokarta, ta kafa hukumarta, ta sanar da NERC, wato hukumar tarayya mai kula da lantarki, a miƙa mata ragama cikin wata shida. Inugu da Ondo da Ekiti ne suka buɗe ƙofar a 2024. Jihar da ta karɓa tana iya gindaya sharaɗin sola a lasisin da take bayarwa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Ikon nata ya tsaya ne a kan wutar da aka samar, aka kuma raba a cikin jihar. Wadda ta ƙetaro iyaka, kamar ta madatsar Kainji da ke jihar Neja, tana hannun tarayya. Kaduna Electric ma da ke aiko maka da bil ba na Kebbi kaɗai ba ne, yana haɗa Kaduna da Sakkwato da Zamfara, don haka sai ya ware reshe na jihar kafin ta yi iko da shi. A 2025 hukumar Inugu ta rage kuɗin wuta ga rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 160 a kan kowane yunit, NERC ta tunatar da ita cewa farashin wutar babban layi ba na jiha ba ne.

A ganina, umarni kaɗai ba zai juya injinka ba, domin kamfani ba ya sayen wutar da ba a samar ba. Abin da ya kamata ku matsa wa ɗan majalisarku da ke Birnin Kebbi a kai shi ne tashar sola a Zuru, mai layinta, wadda za ta riƙa sayar wa masu niƙa da walda kai tsaye.