Awa Goma Sha Ɗaya a Istanbul

Ɗana, mahaifiyarka ta nuna mini tikitin naka. Na ga za ka sauka Istanbul da ƙarfe bakwai na safe, jirgin da zai ƙarasa da kai kuma sai shida na yamma. Ta ce ka rubuta wurare tara da kake son gani. Na yi dariya, don ni ma na taɓa rubuta irin wannan takarda.

Bari mu fara da lissafi. Awa goma sha ɗayan nan ba duka ne naka ba. Kafin ka fito daga jirgi, ka taka doguwar farfajiyar filin, ka bi layi a buga maka hatimi a fasfo, awa ɗaya da rabi ta tafi. Filin jirgin sabo ne, a 2019 aka kwaso komai aka dawo da shi can, kuma tsakaninsa da tsohon gari ya kai kilomita 40. Ka ware awa guda ta shiga gari, awa ɗaya da rabi ta komowa saboda cunkoson titi, sannan ka kasance a filin awa uku kafin tashi. Abin da ya rage a hannunka awa huɗu ne. Wurare tara a awa huɗu, ai sai dai ka ga bayan motoci.

Tun kana gida ka gama maganar biza. Zama cikin filin jirgi ba ya bukatarta, amma mai fasfon Najeriya ba ya taka waje sai da ita. In ba ta samu ba, ka haƙura, akwai masallatai a cikin filin, ka yi alwala ka miƙe ƙafa. In kuwa ta samu, ka sani Turkish Airlines na da wani tsari da suke kira Touristanbul: fasinjansu da zai jira tsakanin awa 6 zuwa 24 suna zagayawa da shi gari a motarsu kyauta, su dawo da shi. Ga baƙon da bai taɓa zuwa ba, wannan ya fi kwanciyar hankali. Sai dai an ɗaure ka da agogon wasu, inda zuciyarka ta so zama nan za a ce a tashi.

Da ni ne kai, wuri ɗaya zan zaɓa, kuma ba inda kowa ke tururuwa ba. Kowa Aya Sofiya yake nufa, ginin shekarar 537 da aka mayar masallaci a 1453, ya zama gidan tarihi, ya sake komawa masallaci a 2020, da Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida da ke fuskantarsa. Sun cancanci gani, ba musu. Amma layin shiga kaɗai yana iya cinye maka rabin lokacinka. Ni unguwar Ayyub zan tura ka, wadda su suke ce wa Eyup Sultan. A nan kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, Allah Ya ƙara masa yarda, sahabin da taguwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina. Da tsufansa ya bi rundunar da ta zo wa birnin nan a zamanin Mu'awiya, ajali ya riske shi a gefen ganuwa. Bayan Sarki Muhammadu Fatih ya ci garin, ya sa aka gina masallaci a wurin a 1458. Kai da za ka baƙunta na yini guda, ka je ka yi sallama ga wanda ya sauki mafificin baƙo. Ka zauna a harabar ƙarƙashin tsohuwar bishiya, ka kalli tattabaru da iyalan da ke zuwa ziyara, ka yi azahar da la'asar ɗinka a haɗe, raka'a bibbiyu, tunda kai matafiyi ne. Ka yi wa mahaifinka addu'a.

In ka idar da sauran lokaci, jirgin titi na bin gefen ruwa daga nan zuwa Eminonu, gindin gadar Galata, inda masu fatsa ke jere ana sayar da gasasshen kifi cikin burodi. Ka sha shayinsu a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ka haɗa da simit, burodin nan mai kama da awarwaro da aka barbaɗa wa riɗi. Kati ɗaya, Istanbulkart, shi ke biyan jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa. Babbar kasuwarsu mai rufi kuwa, ka bar ta sai wani zuwan. Ba ta ci ran Lahadi, kuma ko tana ci, na san jinin gidanmu, in ka fara taya darduma sai jirgi ya tashi.

Ga abin da ya kusa kai ni ƙasa. Turkiyya ta riga mu da awa biyu. Ni agogon hannu nake ɗaurawa, na sauka ban juya shi ba, ina zaune ina kurɓar shayi ina ganin sauran lokaci tuli, sai da na ji kiran sallar da bai dace da agogona ba. Gudun da na yi ran nan da babbar riga, Allah kaɗai Ya sani. Don haka kana sauka ka gyara agogo, ka sa wayarka ta yi ƙara a lokacin juyawa, in ta yi kuma ka tashi ko da kofin bai kai rabi ba. Komowa ka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin M11 da aka buɗe a 2023, shi ba ruwansa da cunkoson titi.

Fasfo da katin shiga jirgi su kasance a aljihun ciki, ba cikin jaka ba. Ka canza 'yan lira kaɗan kawai. Ka tambaya tun a Abuja ko akwatinka zai wuce kai tsaye, kar ka tsaya jiransa a banza. In ka koma fili ka zauna a bakin ƙofar jirginka, ka kira mahaifiyarka, don na san tun asuba wayar na hannunta. Allah Ya kai ka lafiya.