'Yata, Kafin Ki Ce A Ba Ki Takardarki

'Yata, na ji abin da ke ranki, kuma ba zan ce miki ki yi haƙuri kawai in kama gabana ba. Haƙuri kin yi shi, shekarun da kika yi a ɗakin nan sun isa shaida. Zauna mu duba yaushe ne ya dace mace ta nemi rabuwa, kuma in abin ya kai can, yaya za a yi da gidan da kuka haɗa gumi kuka gina.

Ki fara rarrabe ɓacin rai da cuta. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Miji ya faɗi magana mai zafi, ko uwar miji ta sa baki a girkinki, ko kishiya ta yi miki habaici, duk da ciwo, amma ba a kashe aure a kansu. Cuta daban take: duka, hana ci da sutura alhali yana da hali, ƙaurace wa shimfiɗa wata da watanni, ko ya yi tafiya ba aike ba labari. Waɗannan shari'a ta san da su. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan mace ta kafa hujjar cutarwa, alƙali na iya raba auren ba tare da ta mayar da ko kwabo ba. Mata da yawa ba su san haka ba, sai su yi gaggawar neman hul'i, su mayar da sadaki alhali su aka zalunta. Hul'i na wadda zaman ne ya fita daga ranta, ba ta da wani laifin miji da za ta nuna. In kuwa dukan ya kai kina tsoron ranki, to babu sauran lissafi, ki tafi gidanku a daren, a yi maganar da safe.

In ba haka ba, kada ki yanke shawara a ranar faɗa. Na sha jin mace ta shaƙe wuyan rigar miji tana cewa in ya haifu ya sake ta, shi kuma ya rubuta uku a takarda ɗaya, washegari su biyun suna yawon neman malamin da zai buɗe musu ƙofar da suka rufe da hannunsu. Sakin sunna ɗaya ne, a cikin tsarkin da bai kusance ki ba, don a bar hanyar kome. Kafin nan ma akwai sulhu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a tayar da mai sasantawa daga danginsa da wani daga danginki. Ki gaya wa waliyyinki komai, har abin da kike jin nauyin faɗa, domin ranar wanka ba a ɓoye cibiya. In dangi sun gaza, akwai liman da mai unguwa, a Kano kuma akwai Hisbah, wadda sasanta ma'aurata na cikin aikinta na kullum. Sai an bi waɗannan an ga babu sauyi, sannan kotu.

Yanzu maganar gida, inda aka fi cutar mata. A al'adarmu da an miƙa takarda sai a kira mota a kwashe kaya. Addini bai ce haka ba. Ayar farko ta Suratu Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita, har ta gama idda: tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta al'ada, ko haihuwa ga mai ciki. In sakin na kome ne, cinki da shanki na wuyansa duk tsawon lokacin. Wadda ta fice a fusace ta yar da wannan haƙƙi, ta kuma bar gidan ba tare da an yi maganar kuɗinta da ke jikin ginin ba.

A Musulunci aure ba ya gama dukiya. Naki naki ne, nasa nasa. Kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki ba mai ja da ke a kansu. Ginin ne mai wuya, domin takardar fili da sunansa take, kuma sunan da ke takarda shi hukuma ta sani. Ke kuwa kin zuba kwasar adashinki, kin sayar da sarƙa da ɗan kunnen gwal aka yi rufi. Tambayar da alƙali zai yi miki ita ce, da wane suna kika ba shi kuɗin? Kyauta ce, ko rance, ko tarayya? Kowanne da hukuncinsa, kuma mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musanta ya yi rantsuwa. Saboda haka tun yanzu, ba tare da hayaniya ba, ki tattara rasit ɗin siminti da kwano, da takardar banki ta kuɗin da kika tura. Ki tuna wa ke wurin ranar da kika miƙa, ko uwar adashi ce, ko maginin da kika biya da hannunki. Wasu za su ce wannan rashin yarda ne tsakanin mata da miji. Ni ban ga haka ba, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take.

In ɗakin a cikin gidan gado kuka gina shi, ki sani filin ba na mijinki ba ne shi kaɗai, 'yan'uwansa na da rabo. Nan ba ɗakin za ki nema ba, kuɗin da kika kashe za ki nema. In kuwa gidan ku biyu ne, a kira masu ƙiyasi su yi masa kuɗi a farashin yau, ɗaya ya biya ɗaya rabonsa. Sayarwa ita ce ta ƙarshe, musamman da yake akwai yara.

Yaran nan su suka fi ku buƙatar gidan. Reno naki ne a Malikiyya, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, matuƙar ba ki yi wani aure ba; in kin yi, mahaifiyarki ce a gaba. Ciyar da su da wurin kwanansu kuma na wuyan ubansu. In ya yarda ki zauna da su a gidan, alheri ne, amma kada ki tsaya a kan maganar baki. Gobe zai kawo amarya, ita kuma ba ta san da alkawarin ba. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, a kai gaban alƙali.

Gobe da safe ki je wurin Baffanki da takardun nan, ki yi istihara kafin ki furta komai. Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ke da yaranki.